Wa ke biyan kuɗin yaron da ba a san shi ba tukuna? Nazari kan ɗaukar nauyin matasa 'yan zamiyar ƙanƙara a Berner Oberland

A watan Janairun kowace shekara hankalin masu sha'awar wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara yakan koma kan ƙauyuka biyu na kudancin jihar Bern, a ƙasar Suwizalan. A Adelboden ake farawa, a gangaren Chuenisbärgli, bayan mako guda a koma Wengen, inda ake tseren Lauberhorn tun 1930, a kan hanyar da ta kusa kilomita huɗu da rabi, wadda babu mai tsawonta a gasar cin kofin duniya. Jama'a kan yi dafifi, gidajen talabijin na haskawa kai tsaye, kuma duk inda kyamara ta juya sai ta ci karo da tambarin wani kamfani: a jikin shinge, a ƙofar tashi, a ƙirjin ɗan wasa, a goshin hular kwanonsa. Wannan fili ne da kamfanoni ke rububinsa.

A wannan yanki dai, wato Berner Oberland, akwai ƙungiyar da ake kira BOSV a taƙaice. Ita ce ƙungiyar wasannin ƙanƙara ta yankin, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin yanki sama da goma da ke ƙarƙashin Swiss-Ski, hukumar ƙasa da aka kafa a 1904. Aikinta shi ne ta karɓi yaran da suka nuna hazaƙa a ƙananan kulob-kulob na ƙauyuka, ta horar da su, ta shirya musu gasa, ta miƙa waɗanda suka fi fice ga matakin ƙasa. Tserenta ba ya shiga talabijin. 'Yan kallonta iyaye ne da kakanni da masu aikin sa kai, suna tsaye cikin sanyi riƙe da gorar shayi. To me irin wannan ƙungiya za ta ɗauka ta kai wa ɗan kasuwa, har ya yarda ya zuba kuɗinsa?

Inda kuɗin ke tafiya

Sai an san tsanin da yaro ke hawa kafin a gane nauyin da ke kan ƙungiyar yanki. Yakan fara ne a kulob na ƙauyensu, wani lokaci tun bai shiga makaranta ba. In ya yi fice sai ya shiga cibiyar horo ta yanki, irin waɗanda ke Gstaad da Frutigen, yana tsere a rukunin 'yan ƙasa da shekara 14, sannan na 'yan ƙasa da 16. Daga shekara 16 yake fara tseren da hukumar duniya ta FIS ta amince da shi, inda zai kara da manya. Sama da nan akwai cibiyoyin horo na ƙasa guda uku, a Brig da Engelberg da Davos, sai rukunonin Swiss-Ski na C da B da A, sai tawagar ƙasa. Kowane mataki ya fi na baya tsada, kuma Swiss-Ski ba ta ɗaukar babban kaso na ɗawainiyar ɗan wasa sai ya kai rukunoninta. Kafin nan, abin yana kan kulob da ƙungiyar yanki da iyaye.

Mafi nauyi a wuyan ƙungiya shi ne albashin masu horarwa, domin yaron da ake son ya kai ko'ina ba a barin sa a hannun mai koyarwa na ƙarshen mako kaɗai. Sai motocin bas da mai, da masauki, da sandunan da ake kafawa a kan hanya, da ragar kariya, da na'urar ɗaukar lokaci. Ga kuma horon bazara da kaka. Lokacin da ƙanƙara ta narke a ƙasa, dole a kwashi yara zuwa Zermatt ko Saas-Fee a jihar Valais, inda ake samun daskararriyar ƙanƙara a tsayin da ya haura mita 3,000, a biya kuɗin motar igiya mai ɗaga mutane zuwa saman dutse, a biya otal. Su kuwa iyaye, nasu kason ya haɗa da kuɗin rukuni na shekara, da allunan zamiya daban-daban ga kowane nau'in tsere, da takalma, da rigar tsere, da abin kare baya. Yaro kuma girma yake yi, abin da ya shige shi bana ba lallai ya shige shi baɗi ba.

Gwamnati na sa hannu, amma ba ta rufe ramin. Shirin tarayya na Jugend+Sport, wanda ya fara a 1972, yana ba ƙungiyoyi tallafi gwargwadon horon da suka yi wa matasa. Jihar Bern na da asusun wasanni da ake cika shi da ribar hukumar caca ta Swisslos. Akwai kuma gidauniyar Sporthilfe, tun 1970, mai tallafa wa ɗaiɗaikun 'yan wasa. Abin da ya rage bayan waɗannan da kuɗin mambobi, shi ake fita nema wurin 'yan kasuwa.

Shekarar 2005

Suwizalan ƙasa ce da ke kallon wannan wasa a matsayin gadonta. A gasar duniya ta 1987 a Crans-Montana, 'yan wasanta sun kwashe zinare takwas cikin goma. Shekara goma sha takwas bayan haka, a Bormio ta Italiya, a watan Fabrairun 2005, suka dawo gida ba ko tagulla ɗaya. Abin ya yi wa ƙasar ciwo ƙwarai, kuma da aka zauna bincike, yatsa ya nuna ƙasa: maƙwabciya Ostiriya ta daɗe da tsara renon matasanta, Suwizalan kuwa ta bar abin a warwatse. A shekarun da suka biyo baya ne aka daidaita tsanin da na bayyana a sama.

A wannan shekara ta 2005 bankin Raiffeisen ya shigo a matsayin mai ɗaukar nauyin Swiss-Ski. Shigowa a lokacin da kowa ke kushe tawagar abin lura ne, amma abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka shimfiɗa hulɗar. Ba a tsaya kan manyan taurari ba. Tallafin ya gangaro har ƙungiyoyin yanki da cibiyoyin horo na ƙasa, kuma bankunan Raiffeisen na garuruwa kan tallafa wa kulob-kulob da matasan da ke kusa da su.

Dalilin da ya sa hakan ya zauna daram yana cikin ginin bankin kansa. Raiffeisen banki ne na gama-kai. Asalinsa a Suwizalan ƙaramar ƙungiyar ajiya da rance ce da aka kafa a ƙauyen Bichelsee a 1899. Yau akwai bankunan Raiffeisen sama da 200, kowanne da gashin kansa, da shugabanninsa 'yan gari, da mambobinsa waɗanda su ne masu shi, sai cibiya a St. Gallen da ke haɗa su. Ka ga ke nan tsarinsa ya yi daidai da na Swiss-Ski: cibiya a sama, yankuna a tsakiya, ƙauyuka a ƙasa. Manajan banki a kwarin Simmental ba ya buƙatar miliyoyin masu kallon talabijin. Abin da yake so shi ne manomi da kafinta da mai otal na kwarin su ga sunan bankinsa a bayan rigar 'ya'yansu, domin su ne za su zo neman rancen gina gida. Abin da ƙungiyar yanki ke da shi ke nan, kuma Lauberhorn da duk girmansa ba ya sayar da shi: kusanci da iyalai, mako bayan mako, tun daga Disamba har Afrilu.

Bankin ya ƙara da wata dabara mai sauƙi. Duk lokacin sanyi yakan sayar da hulunan saƙa masu ɗauke da sunansa, kuma daga kowace da aka saya faran biyar, kuɗin Suwizalan, na zuwa asusun renon matasa. Mai saye ya samu hula, banki ya samu talla a kan mutane a tasha da kasuwa, yara sun samu kuɗin horo. Faran biyar ba wani abu ba ne a Suwizalan, amma dabarar ta mayar da kakar da ba ta taɓa taka gangare ba ɗaya daga cikin masu tallafi.

Abin da ake kaiwa teburin ciniki

Banki ɗaya ba ya riƙe ƙungiya. Sauran masu ɗaukar nauyi a irin wannan yanki su ne kamfanin wutar lantarki, da kamfanin gine-gine, da garejin sayar da motoci, da wakilin inshora, da shagon kayan wasanni, da kamfanonin motar igiya. Ga misali a matakin ƙasa, kamfanin makamashi na BKW, wanda hedikwatarsa ke Bern, yana cikin masu ɗaukar nauyin Swiss-Ski, kuma yankin Oberland na cikin inda yake da tashoshin wutar ruwa da abokan ciniki.

Hajar da ƙungiya ke bazawa ba ta da yawa, shi ya sa ake auna ta da kyau. Mafi tsada ita ce sunan jerin gasar matasa, domin duk sanarwa da duk sakamakon da jaridar yanki ta buga sai an ambaci sunan kamfanin. Bayan ta sai rigar lamba da kowane yaro ke sawa a ranar tsere, wadda ke fitowa a duk hoton da uwa za ta ɗauka ta tura wa dangi. Sai jaket ɗin rukuni, da jikin bas da ke yawo a hanyoyin yankin duk lokacin sanyi, da tutocin layin ƙarshe. Akwai kuma abin da ba a rataye shi a jikin komai: ranar da kamfani zai gayyato manyan abokan cinikinsa su yi zamiya tare da masu horarwa da matasan, a ci abinci tare a saman dutse. Ga ɗan kasuwar da abokan cinikinsa ɗari ne ko ɗari biyu, wannan rana guda ta fi masa allon talla daraja.

Ba kowane tallafi ne ke zuwa da tsabar kuɗi ba, kuma wanda bai zo da kuɗin ba wani lokaci ya fi amfani. Gareji ya ba da bas a farashi mai rangwame. Kamfanin motar igiya ya ware gangare guda da sassafe, ya sa injinsa ya daddaɓe ƙanƙarar, ya bar yara su yi horo kafin masu yawon buɗe ido su fito. In aka ce ƙungiya ta biya kuɗin wannan a farashin kasuwa, ba za ta iya ba.

Akwai ƙa'idoji biyu da ke ɗaure hannun mai nema. Ta farko, kamfanin da ya biya ba ya son ganin kishiyarsa kusa da shi. In banki ɗaya ya hau riga, an rufe ƙofa ga sauran bankuna, haka inshora, haka kamfanin waya, kuma dole ƙungiyar yanki ta duba kada ta yi karo da yarjejeniyar da hukumar ƙasa ta riga ta ƙulla. Ta biyu ta shafi haraji. A dokar Suwizalan, kuɗin da aka bayar don a samu talla ciniki ne, yana shiga lissafin harajin kaya, kyautar da ba a nemi komai a madadinta ba kuwa ba ta shiga. Saboda haka ƙungiyoyi kan raba littafi biyu, na masu ɗaukar nauyi da na masu kyauta, waɗanda galibi tsofaffin 'yan wasa ne da masu hali na yanki da ke ba da wani abu duk shekara.

Lokacin nema ma yana da muhimmanci. Kakar wasa na ƙarewa a Afrilu, horon sabuwa na farawa tun bazara, kuma a lokacin ake ɗaukar masu horarwa, ake ba da odar riguna. Wanda ya jira sai ƙanƙara ta sauka ya makara, an riga an buga tambura. Kuma yarjejeniyar shekara guda ba ta da wani amfani sosai, domin ba za ka ce wa ƙwararren mai horarwa ya bar aikinsa ya zo ba alhali ba ka san da me za ka biya shi baɗi ba. Shekara uku ko huɗu ake so.

A ganina abin da ya fi ba ƙungiyar yanki ƙarfi a gaban ɗan kasuwa shi ne aikin sa kai da ke bayanta. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ranar tsere iyaye ne ke tashi da asuba su kafa raga, su tsaya gadin sanduna, su share hanya bayan kowane yaro ya wuce, ba a biyan su ko sisi. Mai kamfani ɗan yankin ya san haka, wataƙila shi ma ya taɓa tsayawa a wurin, don haka ya san kuɗinsa horo zai tafi.

Ramin da tsarin bai rufe ba

Duk da kyawun wannan tsari, labarin fitaccen ɗan yankin na wannan zamani ya nuna inda yake yoyo. An haifi Franjo von Allmen a 2001, ya tashi a Boltigen, ƙauye a kwarin Simmental, ya koyi zamiya a ƙaramin gangaren Jaunpass da ke saman ƙauyen. Bai bi hanyar makarantar kwana ta 'yan wasa ba, sana'a ya koya, ta kafinta mai gina gidajen katako, yana aiki yana horo. Yana da shekara 17 mahaifinsa ya rasu kwatsam. Ban da raɗaɗin rashin, sai ga tambayar kuɗi: wa zai biya kakar wasa mai zuwa? Har an fara maganar ya ajiye wasan. Aka buɗe masa asusun neman taimako a intanet, jama'a suka tara masa kimanin faran 16,000. Da wannan ya yi kakar da ta kai shi rukunin C na Swiss-Ski.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A 2022 ya ci azurfa uku a gasar matasa ta duniya a Panorama, ƙasar Kanada. A Janairun 2025 ya samu nasararsa ta farko a gasar cin kofin duniya, a Wengen, cikin yankinsu, a gaban mutanensa. Bayan makonni uku ya zama zakaran duniya a tseren gangara a Saalbach ta Ostiriya, ya ƙara wani zinaren tare da ɗan ƙasarsu Loïc Meillard a gasar haɗin gwiwa, inda 'yan Suwizalan suka kwashe matsayi na ɗaya da na biyu da na uku. Ƙasar da ta dawo hannu rabbana daga Bormio ta tashi daga Saalbach da lambobi 13.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin abin farin ciki, kuma haka ne. Ni dai abin da ke tsaya min a rai shi ne yadda ya kusa zama wani labarin daban. A ƙasa mai arziki irin Suwizalan, a yankin da ke da Lauberhorn da Adelboden, shekara goma sha uku bayan banki ya fara tallafa wa ƙungiyoyin yanki, makomar yaro mai irin wannan baiwa ta rataya a kan ko baƙi a intanet za su tausaya. Ba laifin bankin ba ne, ba kuma na ƙungiyar ba. Kuɗin masu ɗaukar nauyi na biyan abin da kowa ke amfana da shi, wato mai horarwa da bas da gasa. Kason iyali yana nan a kan iyali, kuma yana kai ƙololuwa ne daidai tsakanin shekara 16 zuwa 19, lokacin da tafiye-tafiye suka yawaita, yaro bai shiga rukunin ƙasa ba, sunansa kuma bai kai wani kamfani ya sayi goshin hularsa ba. Marco Odermatt, babban tauraron Suwizalan a wannan wasa, yana sanye da hular kamfanin Red Bull a yau, amma irin wannan kwangila sai bayan an yi suna take zuwa. Shi kansa ya ci zinare biyar a gasar matasa ta duniya a Davos a 2018 kafin duniya ta san shi sosai. Waɗanda suka ajiye wasan a wannan tsakani saboda aljihun iyaye ba sa shiga jarida.

Da ni ke rubuta takardar neman tallafi ga ƙungiya irin wannan, zan sa sharaɗi guda a kowace yarjejeniya: wani ƙayyadadden kaso, ko da ƙarami ne, ya shiga asusu na musamman don iyalan da abin ya fi ƙarfinsu, a hannun ƙaramin kwamiti da zai yanke hukunci cikin sirri, ba tare da an sa yaro ya baza halin gidansu a gaban duniya ba. Ban ga abin da zai sa ɗan kasuwa ya ƙi ba. Mai kamfanin gini a Simmental ya fi kowa sanin abin da ke faruwa da gida idan mai nema ya faɗi, kuma zai fi alfahari da cewa kuɗinsa ya tsayar da yaro guda a wasa fiye da cewa tambarinsa ya ƙara girma a jikin bas.

Abin da ke gaba

Masu ɗaukar nauyi ba su dawwama. A shekarun 1990 ƙungiyar masu cuku ta ƙasar ce ke ɗaukar nauyin tawagar, har 'yan wasa na tsere cikin riga mai zanen cuku mai huji-huji, amma kafin ƙarshen shekarun an rushe ƙungiyar. Kamfanin waya na Swisscom ya yi shekara ashirin a matsayin babban mai ɗaukar nauyin Swiss-Ski, a 2022 kishiyarsa Sunrise ya karɓe wurin. Babbar gasar yara ta ƙasar ta fara a 1972 da sunan mai ɗaukar nauyinta, Ovo, ta koma hannun kamfanin Caran d'Ache, tun 2002 kuma ake kiran ta Grand Prix Migros, da sunan kamfanin Migros. Gasar ta rayu domin suna kawai ake sayarwa, ita kanta ta hukumar ce da kulob-kulob masu shirya ta. Hukumar ƙasa na iya maye gurbin babban kamfani da wani. Ƙungiyar yanki kuwa kasuwarta ƙarama ce, in babban mai tallafinta ya janye ba lallai a samu na biyu a kwarin ba, shi ya sa tara ƙanana da matsakaita da yawa ya fi mata kwanciyar hankali, ko da yake ya fi cin lokacin masu aikin sa kai.

Babbar barazana ita ce ƙanƙarar kanta. A 2022 daskararrun ƙanƙarar duwatsun Suwizalan sun rasa kusan kashi 6 cikin ɗari na girmansu, a 2023 suka ƙara rasa kashi 4. A ƙarshen Yulin 2022 sai da Zermatt ta dakatar da zamiyar bazara saboda zafi. A Janairun 2023 an yi tseren Adelboden a kan siririn layin ƙanƙarar inji, hagu da dama ciyawa ce. Babban tsere yana da kuɗin da zai ƙera ƙanƙararsa. Ƙananan gangare irin na Jaunpass, inda yaran ƙauye ke koyo bayan an tashi makaranta, su ne suka fi shiga haɗari, kuma duk ranar horon da aka rasa a gida sai an saye ta a wani wuri mai tsayi, mai nisa, mai tsada. Wannan ya sa kamfanonin motar igiya, masu injinan ƙera ƙanƙara da ruwan da ake ƙera ta da shi, sun zama abokan hulɗar da ƙungiyar yanki ba ta iya yi ba tare da su ba, kuma awannin da za su ware wa yara a gangare na cikin abubuwan da dole a rubuta a yarjejeniya. Gasar duniya za ta koma Crans-Montana a 2027, kuma yayin da taurarin ƙasar ke cin nasara, yanzu ne ƙungiyoyin yanki ke da bakin neman kwangila mai tsawo.